Yadda ake raba ganima a gild ba tare da zumunci ya ɓaci ba

Wata Laraba bayan Isha mun kusan awa uku muna fama da wani bos, wato babban dodo, a gem ɗin World of Warcraft (WoW), saura ƙiris ya faɗi sai wuta ta ɗauke a Aboabo cikin Kumasi. Mai warkar da mu, wanda tun farkon dare shi ke riƙe da rayukan kowa, rautarsa ta mutu. Kafin ya haɗa laftof da datar waya ya dawo har an kashe bos, an buga ƙuri'a, sandar da yake jira tun wata biyu ta tafi hannun wani yaro da satinsa ɗaya da shigowa. Ba wanda ya yi sata fa, amma kwana huɗu mutumin nan bai leƙo bes ɗin ataya ba, kuma da gaskiyarsa. Daga nan mu 'yan gild, wato ƙungiyarmu ta masu buga gem tare, muka zauna muka gyara tsarinmu na rabon ganima, ga yadda muke yi yanzu.

Abu na farko, a yanke doka tun ba a shiga ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda ya taɓa shiga watanda a zango ya san kafin a kayar da sa kowa ya san kashi nawa ya biya, an san wa zai ɗauki kai da ƙafa, an san inda fata za ta. In aka bari sai nama na ƙasa sannan a fara lissafi, toh ranar sai an ji ku a layi na gaba. Ganimar gem ma haka take. Ku rubuta dokar gajeriya, layi goma ya isa, ku maƙala ta a saman Discord ko gurup ɗin WhatsApp, sabon shiga ya karanta ya ce ya yarda kafin a gayyace shi farmaki, wato fita a tawaga don kashe bos.

Na biyu, ku san abinda gem ɗin kansa ya ba ku dama, don ba duka ne ke sakar muku rabon ba. A WoW na zamani, lokacin Battle for Azeroth a 2018 Blizzard mai gem ɗin ta cire mai rabo gaba ɗaya, gem ne ke jefa wa kowa nasa, sai a Dragonflight a 2022 aka dawo da ƙuri'ar rukuni a farmaki. A WoW Classic kuwa, tsohon salon gem ɗin da aka sake fitarwa 2019, mutum ɗaya na iya riƙe rabon. A gem ɗin Final Fantasy XIV ku takwas ne a farmaki kuma akwai zaɓin shugaba ya raba. Albion Online da yawancin yaranmu ke bugawa a waya shi kusan komai ana iya sayarwa, zan dawo kansa a ƙasa.

Na uku shi ne zaɓen tsari, nan ne maganar take da tsawo.

Ƙuri'a zalla ita ce mafi sauƙi, kowa ya buga lamba daga 1 zuwa 100, mai babba ya ɗauka, kuma wanda kayan ya dace da aikinsa na ainihi yana gaban mai son ajiyewa ko sayarwa. Da baƙin da ba za ku sake haɗuwa ba ta yi daidai. Amma ga mutanen da ke haɗuwa duk sati ni ban yarda da ita ba, ƙuri'a ba ta san wa ya sha wahala ba, mutum ɗaya sai ya ci sau uku a dare ɗaya wani ya yi wata bai ga ko zobe ba, ka ce masa rabo ne ya ce maka rabon ya san gidan mutum ɗaya ne kawai?

Sai DKP, tsohon tsari ne tun zamanin gem ɗin EverQuest a 1999, wani gild mai suna Afterlife ya ƙirƙiro shi don rabon kayan dodanni biyu, Lady Vox da Lord Nagafen, shi ya sa sunan ke nufin makin kashe dodo. Ka zo kan lokaci ka samu maki, an kashe bos ka samu, kaya ya faɗo ka saya da makinka. Matsalarsa tsofaffin 'yan gild su tara maki kaman masu ɓoye masara, sabon shiga ba zai taɓa kamo su ba, kuma wani sai ya ƙi ɗaukar kayan da zai amfane shi don yana tara wa babban takobi. Maganinsa a riƙa zaftare kashi 10 cikin 100 na makin kowa duk sati. Ƙaninsa EPGP ya fi shi wayo kaɗan, ana raba makin wahalarka da makin kayan da ka riga ka ɗauka. Mai wahala 900 da kaya 300 yana da 3, mai wahala 500 da kaya 100 yana da 5, na biyun ne ke gaba duk da na farkon ya fi daɗewa.

Wanda muka tsaya a kai shi ne jeri, Turawa na ce masa Suicide Kings, mu adashi muke ce masa don susu ne sak. Ranar farko a buga ƙuri'a sau ɗaya a jera sunaye. Kaya ya faɗo, cikin masu so wanda ya fi sama a jeri ya ɗauka, sunansa ya koma can ƙasa, waɗanda suka zo a daren su matsa sama, wanda bai zo ba yana nan inda yake. Shikenan. Ba lissafi, ko a bayan takardar waakye za ka iya rubuta shi, kuma duk wanda ya taso ya ga uwarsa na zubi ba sai an masa dogon bayani ba. Mu jeri biyu muke da shi, ɗaya na makamai da manyan kaya ɗaya na ƙanana, don kar mutum ya ƙone layinsa a kan safar hannu.

Akwai kuma majalisa, mutum uku ko biyar su duba wa kayan zai fi amfanar tawaga. Manyan gild masu tsere ita suke bi kuma tana aiki in akwai amana. Amma mu da rabinmu 'yan uwa ne, wannan ɗan yayar wancan, wancan makarantar allo ɗaya suka yi da shugaba, ko an yi gaskiya sai an ce son kai ne. In dole sai kun yi, a saka talakan gild ɗaya a ciki ana canza shi duk wata, kuma ɗan majalisa ba ya zama a kan kayan da shi ma yake so. Gwanjo da zinaren gem, wato GDKP, ku bar shi kawai, mai sayen zinare da kuɗin gaske ne ke kwashewa, Blizzard ma ta hana shi a Season of Discovery na WoW Classic a 2024.

Na huɗu, dokokin da suka shafe mu nan Gana waɗanda ba za ka samu a tsarin Turawa ba. Dumso, wato ɗauke wuta, ba laifin kowa ba ne. In mutum ya yi faɗan da mu ya faɗi a layi, ana jiransa minti goma, a kira wayarsa, in ya ɗauka ya faɗi abinda yake so a baki an karɓa. A WoW yawancin kayan farmaki ana iya miƙa su cikin awa biyu ga wanda aka yi kisan da shi, saboda haka mai rabo ya riƙe kayan, ba gaggawa. Wanda ya zo kan lokaci aka ce ya zauna benci saboda an cika, a lissafa shi kaman ya shiga, datarsa ya ƙona yana jira. Sannan lokaci, agogonmu ba ya canzawa amma na Turai yana canzawa ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, ƙarfe takwas na sabar Turai a bazararsu ƙarfe shida ne a Kumasi, daf da Magariba kenan. Ku rubuta lokaci da agogon Gana, ku sa hutun sallah cikin tsari, kar a rage wa mutum maki don ya je masallaci.

Kayan da ke da wuyar faɗowa, irin sassa biyun takobin Thunderfury na WoW da ake samu wurin bos biyu, Garr da Baron Geddon, a farmakin Molten Core, a faɗi sunan mai su tun kafin a gan su.

Na biyar, komai a fili. Google Sheets ɗaya wanda kowa zai iya gani amma mutum biyu kawai ke iya taɓawa, kwanan wata, bos, kaya, wa ya ɗauka. A ɗauki hoton allo kafin rabo da bayansa a tura gurup a daren, ba gobe ba. Kuma mai rabo kar ya zama shi ne mai rubutu.

Yanzu 'yan Albion. Tunda can ana sayar da kaya, rabon kuɗi ne. A zuba komai a akwati ɗaya, a ɗauki hoto, a kimanta da farashin kasuwar gari ɗaya da aka yarda da shi tun farko. A ce ya kama azurfa miliyan 10, gyaran kaya ya ci 400,000, saura miliyan 9.6, asusun gild ya ɗauki kashi 10 wato 960,000, saura 8,640,000, ku goma sha biyu kowa 720,000. Daga asusun nan ake mayar wa wanda aka kashe aka kwashe kayansa a baƙin yanki, don mai tsayawa gaba ya sha duka da mai warkarwa su suka fi mutuwa kuma ba su da hannun tsintar komai ana cikin faɗa. Ɗan leƙen hanya ma kashinsa cikakke ne ko bai harba kibiya ɗaya ba.

Na ƙarshe, ƙorafi. Ba a yinsa a murya ƙarfe goma sha ɗaya na dare kowa ya gaji, a rubuto wa shugaba washegari, mutum biyu da ba ruwansu da kayan su duba. In kuskure ne a faɗa a fili a mayar da mutum saman jeri. Wanda ya wawuri kaya da gangan kuma ga hoto, ya mayar ko ya fita, ko ƙanin shugaba ne. Wanda ya tura wa mai rabo momo don a tsallake layi, su biyun duka za su tafi. Doka kuma ba a canza ta tsakiyar farmaki, mu sai Lahadin farkon wata muke taɓa ta, a bes, bayan an sauke ataya ta biyu, na Nima da ɗayanmu da ke Jamus su shigo ta waya.