Yadda ake gwada ko sautin ekografi na tsinka DNA a ƙwayoyin da ake reno a ɗakin gwaji

A Maraɗi na sha jin mata masu juna biyu na tambaya ko ekografi na ƙona jinjiri a ciki. Na'urar sauti take aikawa, mai kaɗawa wajen sau miliyan 2 zuwa 15 a daƙiƙa, ba irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi ba. Amma sauti na iya ɗumama abu, yana kuma iya tada ƴan kumfa a ruwa su fashe, su saki guba mai tsinka zaren DNA, wato zaren gado da ke cikin kowace ƙwayar halitta. A 1979 Doreen Liebeskind da abokan aikinta a Amurka sun ba da rahoton sauyi a fararen ƙwayoyin jinin mutum bayan an buga musu sautin, sai dai yawancin waɗanda suka maimaita aikin ba su ga hakan ba. Ɗalibi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke son gani da idonsa, ga hanya.

Da farko a reni ƙwayoyin a ɗumin digiri 37, a raba su kashi 3. Kashi ɗaya za a buga masa sauti. Na biyu a kai shi wurin, a ajiye shi daidai wannan lokaci, na'ura a kashe. Na uku a zuba masa ɗan ruwan oksijene, wanda ake wanke ciwo da shi, a kan ƙanƙara na minti 5, don shi tabbas zai ɓata DNA. In wannan kashi bai nuna ɓarna ba, gwajin ne ya lalace, a sake.

Wajen buga sautin aka fi yin kuskure, don haka a natsu. A tafasa ruwa ya huce iskar cikinsa ta fita, a nutsa kan na'urar da kwalbar ƙwayoyin a ciki. A cika kwalbar taf. In aka bar iska a sama, sautin zai daki iskar ya dawo, ya haɗu da mai zuwa, ƙarfinsa ya ninku a wasu wurare, ƙwayoyi su sha abin da ba ku auna ba. A rubuta ƙarfin sautin da mintocin da aka yi, a auna zafin ruwan kafin da bayan. Da zafin Afrilu a garin nan, da ke haura digiri 40, ɗakin kansa na iya wahalar da ƙwayoyi a ɗora wa na'ura laifi. Ni da asuba nake ganin ya fi dacewa a yi shi.

Ana gamawa a maida su kan ƙanƙara, don ƙwaya mai rai tana fara ɗinke DNA ɗinta cikin ƴan mintoci. A ƙirga masu rai da shuɗin tiripan, rinin da ke shiga matattun ƙwayoyi kaɗai. In matattu sun yi yawa, abin da za ku gani mutuwa ce ba tsinkewa ba.

Sai gwajin tauraruwa mai wutsiya, mai nuna tsinkewar DNA a ƙwaya ɗaya-ɗaya, wanda aka fara a Suwidin a 1984, wani masani mai suna Singh da abokansa suka inganta shi a 1988. A gauraya ƙwayoyin da narkakken agaros, wani abu mai daskarewa kamar jeli, mai ɗumin digiri 37, a shimfiɗa a ɗan gilashi ya daskare. A jiƙa shi aƙalla awa 1 a ruwan gishiri mai ƙarfi da Triton, wani irin sabulun ɗakin gwaji, cikin sanyin digiri 4, fatar ƙwaya ta narke, DNA ya rage. A maida shi ruwan soda irin ta haɗa sabulu, mai ƙarfin da awon pH ɗinsa ya wuce 13, na minti 20, zaren ya warware, sannan a saki lantarki kamar bolt 25 na wasu minti 20. Duk wannan a dushin haske za a yi. A tanadi batir ko janareta tun da wuri, don wuta in ta ɗauke a tsakiya aikin ranar ya tafi.

A wanke, a rina, a duba a madubin ƙara girma mai hasken da ke sa rinin ƙyalli. Lafiyayyar ƙwaya ƙulli ce zagayayye. Wadda DNA ɗinta ya tsinke, gutsattsarin sun bi lantarki sun ja mata wutsiya. A ƙirga ƙwaya 50 zuwa 100 a kowane gilashi, kuma wani ya rufe sunayen gilasan tukuna, don ido yakan ga abin da zuciya ke so. A maimaita duka aikin sau 3 a ranaku daban-daban.

In wutsiyar kashi na farko ta fi ta na biyu, kada ku yi hanzarin kai labari gari. A kwalba ƙwayoyi na yawo a ruwa mai saurin yin kumfa, a jikin uwa kuwa nama na shanye sautin, kumfar iska ma ba ta cika samuwa ba. Ku sake gwajin da sauti mafi rauni, irin ƙarfin da ake duba ciki da shi a asibiti, ku ga ko wutsiyar na nan.