Yadda za ka zagaya tsohuwar Kwalejin Katsina ka fahimci ginin

Dan uwa in Allah ya kai ka birnin Katsina, kar ka tsaya a hasumiyar Gobarau kawai ka dauki hoto ka juya, ka nemi tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda yanzu ta koma gidan tarihi a karkashin hukumar kula da gidajen tarihi ta kasa. Ka hau Napep ka ce a kai ka, in direban yaro ne ya fara kame-kame to ka tambayi dattijo, su ba sa bata.

Kafin ka shiga ka rike tarihin a ka, don in ba haka ba tsohon bango kawai za ka gani. A 1921 aka kafa ta, gwamna Hugh Clifford ya bude ta a 1922 zamanin Sarki Muhammadu Dikko, kuma dalilin kafa ta shi ne horar da malaman da za su koyar a makarantun Arewa. Nan Ahmadu Bello ya yi karatu ya gama a 1931, Abubakar Tafawa Balewa ya gama a 1933, Kashim Ibrahim ma nan ya yi. A 1938 aka dauke makarantar zuwa Kaduna, daga can a 1949 ta koma Zariya, ita ce Barewa ta yau. Ginin kuwa ya tsaya inda yake.

To ka je da safe ko bayan la'asar, lokacin da rana take dukan bango a karkace, shi ne za ka ga yabe da kyau, har tabon inda aka yi gyara. Fara zagaya wajen tukuna, kar ka yi saurin shiga. Ginin kasa ne irin namu, kuma ka'idar ginin kasa ita ce gindin bango ya fi samansa kauri, yana tashi yana sirancewa don ya iya daukar nauyin kansa. Ka daga kai ka nemi inda ruwan sama yake sauka, wato indararo, domin ginin kasa ba shi da abokin gaba kamar damina, in ruwa ya samu hanya ya kwanta a rufi ko ya bi jikin bango to an gama.

In ka shiga ciki, wallahi abin da zai fara tarbarka sanyi ne, ba fanka ba komai, kaurin bangon ne yake rike zafin rana. Ka dan tsaya a bakin kofa ka auna kaurin da ido. Sannan ka kalli rufi ka ga azara, itacen giginya ne da ake tsagawa, gara ba ta cika cin shi ba shi ya sa magina suka rike shi, amma fa ba ya daukar nauyin kasa in fadin daki ya yi yawa, don haka in ana son daki mai fadi sai a daura baka, wato lankwasasshen ginin da ke tallafe rufi, ko a kafa ginshiki a raba nauyin. Nan ne ni na fi dadewa, ka tuna maginin da ya saba da soro da zaure aka ce ya fitar da aji da zai dauki dalibai da allo da benci, kuma haske ya shigo a iya karatu.

Kar ka kankare bango da farce ko makulli wai kana gwada karfinsa, kar ka rubuta sunanka, abin nan na ba ni haushi. Ka tambayi ma'aikata kafin ka dauki hoto a ciki, kuma ka roke su su nuna maka inda aka sake yabe da inda yake na asali, su suka fi kowa sani tunda duk damina a gabansu take wucewa.