Yadda za ka auna nadamar ɗan majalisa kan dokar bindiga, misali daga Filorida

Duk lokacin da ka ji ɗan majalisa ya fito gaban 'yan jarida yana cewa wallahi ba haka muka nufa da dokar nan ba, kada ka yi saurin tausaya masa kuma kada ka yi saurin zaginsa, akwai hanyar da ake bi a gane ko nadamar ta kai zuci ko kuwa guguwa ce kawai yake jira ta wuce. Zan nuna da abin da ya faru a jihar Filorida ta Amurka, don can ne aka fi ganin irin wannan da-na-sanin a fili.

Fara da ƙuri'a, ba da bakinsa ba. A 2005 majalisar dokokin Filorida ta amince da dokar da suke kira Stand Your Ground, ma'ana ka tsaya inda kake ba sai ka ja da baya ba. A majalisar dattawan jihar 39 suka ce eh, ko mutum ɗaya bai ce a'a ba, 'yan Rifablikan da 'yan Dimokurat duka. A ta wakilai kuwa 94 da 20 aka yi. Gwamna Jeb Bush ya sa hannu a watan Afrilu, ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba. To ka ga duk wanda yake sanata a lokacin kuma yana zauren ranar, ba ya da bakin cewa shi dama can bai yarda ba. Majalisun Amurka suna ajiye sunan kowa da yadda ya jefa ƙuri'a a shafinsu na intanet, shiga ka duba, minti biyar ne.

Daga nan sai ka nemo labarin da aka sayar da dokar da shi, don kusan kowace doka irin wannan tana zuwa da wani labari mai taɓa zuciya. Na Filorida shi ne na wani dattijo ɗan shekara 77 a yankin Pensacola, bayan guguwar Ivan ta 2004 ta lalata musu gida shi da matarsa suna kwana a cikin tirela, wato ɗaki mai taya da mota ke ja, wani mutum ya shigo musu cikin dare, dattijon ya harbe shi ya mutu, sai ya yi watanni yana zaman zullumi ko za a gurfanar da shi. Sanata Durell Peaden wanda ya ɗauki nauyin ƙudirin a majalisar dattawa ya riƙa kawo wannan labari. Amma tambayar da ya kamata ka yi ita ce, a ƙarshe an tuhumi dattijon? Ba a tuhume shi ba. Tsohuwar dokar ma ta riga ta kare shi. Idan ka ga labarin da aka yi tallan doka da shi tsohuwar doka ta isa ta magance shi, to ka san akwai wani abu dabam da ake so a shigar, kuma a nan ƙungiyar masu bindiga ta NRA ce ta tsaya kai da fata ta hannun Marion Hammer, wadda ta daɗe tana yi musu kamun ƙafa a majalisar jihar.

Yanzu ɓangaren da ya fi cin lokaci, kuma shi mutane suka fi tsallakewa: karanta dokar da kanka, ka ajiye ta kusa da tsohuwar ka ga me ya canza. Da can idan a cikin gidanka aka far maka ba wanda zai ce sai ka gudu, amma a waje, kan titi ko kasuwa ko wurin ajiye motoci, in kana da hanyar kaucewa lafiya to dole ka kauce kafin ka kai ga kisa. Sabuwar ta cire wannan dolen, duk inda kake da ikon kasancewa kuma ba laifi kake aikatawa ba, in ka yi imani bisa hankali cewa za a kashe ka ko a yi maka mummunan rauni, kana iya harbi. Wannan kowa ya ji shi. Abin da da yawa ba su kula da shi ba shi ne ɗaya sashen, wanda ya ba mai harbin kariya daga gurfanarwa gaba ɗaya har da ƙarar diyya, ya kuma ce 'yan sanda ba za su kama shi ba sai suna da ƙwaƙƙwaran dalilin cewa ƙarfin da ya yi amfani da shi ya saɓa doka. Ka tsaya ka yi tunanin wannan da kyau. Mutum biyu sun yi faɗa a lungu cikin dare, ɗaya ya mutu, wanda ya rage shi kaɗai ke ba da labari, ya ce tsoro ya ji, su kuma 'yan sanda an ɗaure musu hannu. Ni a ganina duk ɗan majalisar da ya ce bai hango wannan ba to ko dai bai karanta ba ko ya karanta ya kawar da kai, don tun a 2005 akwai masu gabatar da ƙara da shugabannin 'yan sanda da suka yi gargaɗi, kuma cikin wakilai 20 ɗin nan irinsu Dan Gelber sun faɗa a fili.

Sai ka gwada dokar da shari'o'in da suka biyo baya. Ranar 26 ga Fabrairun 2012 a garin Sanford, George Zimmerman, ɗan sintirin unguwa, ya harbe Trayvon Martin, yaro baƙar fata ɗan shekara 17 da ke dawowa daga shago da alawa da lemon gwangwani, ba makami a jikinsa. Zimmerman ya kira 'yan sanda tun kafin, mai amsa wayar ya ce masa ba sai ya bi yaron ba. An sake shi a daren, sai da aka yi sama da kwana 40 ana zanga-zanga sannan aka kama shi, a watan Yulin 2013 kotu ta wanke shi. Lauyoyinsa ba su nemi zaman musamman da ake yi kafin shari'a don alƙali ya duba ko dokar ta ba mai harbi kariya ba, gaskiya ne, amma kalmomin dokar suna cikin umarnin da alƙaliya ta karanta wa masu taya ta yanke hukunci. A 2012 ɗin dai a Jacksonville aka yanke wa Marissa Alexander shekara 20 kan harbin da ta ce na gargaɗi ne ga mijinta, ba wanda ya ji rauni, kuma alƙali ya hana ta kariyar wannan doka, sai daga baya aka soke hukuncin. Jaridar Tampa Bay Times ta bi shari'o'i kusan 200 ta gano kusan kashi 70 cikin 100 na waɗanda suka fake da dokar sun tsira. Wani bincike kuma da mujallar likitoci ta JAMA Internal Medicine ta buga ya nuna kisan kai a jihar ya ƙaru da kusan kashi 24 cikin 100 bayan dokar, na bindiga kuwa sama da kashi 31.

To a nan ne za ka kasa kunne ka ji wace irin nadama ce, don iri biyu ce kuma mutane suna haɗa su. Akwai mai cewa mun yi kuskure, dokar ce ba daidai ba. Akwai kuma mai cewa dokar lafiya lau take, amfani da ita ne aka yi ba daidai ba. Bayan kisan Trayvon, Peaden da Dennis Baxley wanda ya kai ƙudirin majalisar wakilai, duk sun ce dokar ba ta shafi wanda ya bi mutum da ƙafarsa ya tare shi ba. Kana ji kamar nadama, amma duba da kyau, kare dokar suke yi suna ture laifin kan 'yan sanda. Maganin wannan tambaya ɗaya ce: in ba haka kuka nufa ba, wane layi ne za ku gyara, kuma yaushe?

Amsar tana cikin abin da aka yi bayan kyamara ta tafi. Gwamna Rick Scott ya kafa kwamiti ƙarƙashin mataimakiyarsa Jennifer Carroll, aka zagaya jiha aka saurari jama'a, kwamitin ya ce a bar ginshiƙin dokar yadda yake. A 2017 ma sai majalisar ta ƙara mata ƙarfi, ta ɗauke nauyin kawo hujja daga kan mai harbi ta ɗora wa masu gabatar da ƙara a zaman farko kafin shari'a. Shekara ɗaya bayan nan a Clearwater aka harbe Markeis McGlockton kan rigimar wurin ajiye mota, shugaban 'yan sandan yankin ya ƙi kama wanda ya harbe shi, Michael Drejka, yana kafa hujja da dokar, sai da mai gabatar da ƙara ya shigo aka tuhume shi, a 2019 ya samu shekara 20. Kwatanta da maƙwabciyarsu Jojiya: bayan kisan Ahmaud Arbery a 2020, baƙar fata da wasu fararen hula suka bi suka harbe suna cewa kama shi za su yi, majalisar jihar ta soke tsohuwar dokar 1863 da ta ba farar hula ikon kama wanda suke zargi, Gwamna Brian Kemp ya sa hannu a watan Mayun 2021. Ita ma Jojiyar ba ta taɓa tata dokar ta tsaya-inda-kake ba, amma aƙalla a wancan ɓangaren an ga takarda da sa hannu.

Mu ma maganar ba ta yi mana nisa ba, ka tuna a watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga don kare kansu daga 'yan bindiga. Halin ba ɗaya ba ne da Filorida ko kusa, wanda aka kwashe wa shanu aka sace wa iyali ba za ka yi masa wa'azin haƙuri ba. Sai dai ranar da aka kai irin wannan ƙudiri majalisar jiharku ko Abuja, nemi kwafinsa tun kafin karatu na biyu, ka je kai tsaye sashen da ya ce wa zai tabbatar da cewa tsoron gaskiya ne, mai harbin ko gwamnati, da kuma ko ɗan sanda na da ikon kama shi a ranar. Ka ɗauki hoton shafin a wayarka, ka rubuta kwanan wata da yadda wakilinku ya yi.