Yadda ake kare kai daga kaska da cututtukan da take yaɗawa

Manomi da makiyayi da mai saran itace da mai yankan ciyawa a jihar Maradi duk suna gamuwa da kaska, musamman daga faɗuwar damina zuwa kaka, lokacin da ciyawa ke yin tsawo a fadamun Gulbin Maradi, da bakin tafkin Madarumfa, da dajin Baban Rafi. Yawancinmu mun ɗauke ta damuwar dabba kawai, alhali tana iya kwaso cuta daga jinin shanu da tumaki da raƙuma ta sa wa mutum. Mafi muni shi ne zazzaɓin Kirimiya da Kwango mai sa zubar jini, wanda aka fara bayaninsa a Kirimiya a 1944, aka kuma samu ƙwayarsa a Kwango a 1956. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari na waɗanda suka kamu.

Matakin farko tun daga gida yake. Kaska ba ta tashi, ba ta tsalle. Wata tana jira a kan ciyawa, wata kuma tana rarrafowa daga ƙasa ta hau ƙafa. Don haka mai shiga daji ko garke ya sa dogon wando da rufaffen takalmi, ya cusa ƙafar wandon cikin safa, ya kuma zaɓi tufafi masu haske domin a hango ta kafin ta kai ga fata. Maganin shafawa mai sinadarin DEET, wanda ake samu a famasi don korar sauro, yana taimakawa.

Da an dawo gida sai a kakkaɓe tufafi a waje, a yi wanka, a duba jiki da kyau: hammata, matsematsi, bayan gwiwa, cibiya, ƙugu inda mazagi ke kamawa, bayan kunne da cikin gashi. Cizonta sau da yawa ba ya zafi, shi ya sa takan kwana tana shan jini mutum bai sani ba. Yaran da ke kai awaki kiwo su ne suka fi bukatar uwa ko wani babba ya duba su kowane maraice.

Idan an same ta maƙale, wurin cirewa ne aka fi yin kuskure. A ɗauki matsefata, a kama ta dab da fata ta wajen baki, ba ta ciki ba, sannan a ja a miƙe sannu a hankali, ba tare da murɗawa ko fizga ba, har ta saki. In babu matsefata, a rufe yatsu da leda. Kada a ɗora mata garwashi ko ashana, kada a zuba mata kananzir ko man shafawa, domin wannan jinkiri ne kawai, kuma yana iya sa ta ƙara zuba yawunta cikin jiki. Haka nan al'adar murƙushe kaska da farce, wadda makiyaya suka saba da ita, abar bari ce, tunda jinin da ke cikinta na iya shiga ta ɗan rauni a yatsa. A jefa ta cikin wuta, a wanke wurin da hannuwa da sabulu. In ɗan guntun bakinta ya rage a fata, kada a yi ta tono da allura. Yakan fita da kansa. A riƙe ranar da abin ya faru.

Daga nan sai a sa ido na mako biyu. Zazzaɓin Kirimiya da Kwango yakan bayyana kwana 1 zuwa 3 bayan cizo, wani lokaci har kwana 9, da masassara farat ɗaya, ciwon kai da na jiki, jan ido da amai, daga baya haɓo ko jini daga dasashi. Akwai wata cutar mai sauƙi a kan wannan, wadda ke barin baƙin ɓawo a wurin cizon tare da kaluluwa, kuma ana warkar da ita da maganin da likita zai rubuta. Duk waɗannan suna kama da masassarar cizon sauro a farkonsu, ga shi kuwa lokacinsu ɗaya, don haka wajibi ne a gaya wa ma'aikacin lafiya a fili cewa kaska ta ciji mutum, da ranar, musamman in gwajin cizon sauro bai nuna komai ba ko an sha magani masassarar ta dawo. Kada a sayi ƙwayoyi wurin ƴan talla, domin asfirin da ibuprofen suna ƙara zubar jini.

Saura dabbobi. Saniya ko rago mai ɗauke da ƙwayar cutar ba ya nuna alamar ciwo, amma jininsa na iya harbin mai yanka da mai fiɗa. Mahauta, da duk wanda zai fiɗe ragon layya, su sa safar hannu ko su ɗaure raunin da ke hannunsu, su wanke da sabulu bayan aiki. Maganin wankan kaska a nemi shi wurin likitan dabbobi, a bi awon da ya faɗa, kada a shafa wa dabba ko mutum maganin ƙwarin gona. Mai jinyar wanda ke zubar da jini kuwa kada ya taɓa jinin ko aman da hannu tsirara, a gaggauta kai maras lafiyar asibiti.