Kaka ta shigo, ku fito da tsofaffin littattafanku

Salam 'yan uwa, wata 'yar shawara ce. Tunda ruwa ya ɗauke kuma dare ya fara sanyi, yanzu ne lokacin da nake buɗe akwatin littattafaina, kuma wallahi ku ma ku duba naku, don damina ba ta barin takarda lafiya. Bara da na buɗe nawa sai warin danshi ya buge ni, gara ta cinye min kusan rabin Ruwan Bagaja, har yau abin na min ciwo.

In kun fito da su kar ku shanya a rana, takardar sai ta bushe ta dinga karyewa, ku baza su a inuwa inda iska ke kaɗawa, ku kakkaɓe, sannan ku ɗora a kan kanta nesa da bango kafin ƙurar hunturu ta sauko.

Ni duk shekara Magana Jari Ce nake maimaitawa, kundi uku ne, labari ɗaya kawai nake karantawa bayan sallar isha'i da kofin shayi, waya kuma tana can wani ɗakin tana caji, in ba haka ba WhatsApp zai cinye daren. Abin mamaki, wayon akun nan mai ba da labaran cikin littafin, da nake dariya a kansa ina firamare, yanzu ne nake gane ashe da manya yake.

Wanda ya zo aro kuma ku rubuta sunansa, littafi bai san hanyar gida ba.