Kurakuran da aka fi yi wajen auna dalma da zaiba a gashi

Tun bayan annobar gubar dalma ta 2010 a Zamfara, wadda ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega, ɗalibai a nan Sakkwato suke sha'awar yin bincike kan awon gashi. Abin a yaba ne, sai dai aikin yakan lalace tun gashin bai isa ɗakin gwaji ba.

Na taɓa ganin ɗalibi ya kwaso gashi daga ƙasan shagon aski, cikin baƙar leda, na mutum biyar a cakuɗe, ga ƙura ga hoda. Wannan shara ce. A ƙeya ake yanka, dab da fata, da almakashi mai tsabta wanda ba ya tsatsa. A ɗaure gindin da zare don a san inda tushe yake, a sa a ambulan, a rubuta lamba. Gashi yana tsiro kamar santimita 1 a wata, don haka santimita 3 na kusa da fata labarin wata uku ke nan. Wanda ya yi aski jiya, a jira shi.

Inda aka fi tafka ɓarna shi ne wanki. Ƙurar hunturu, hayaƙin babura, man kitso, rini, lalle, har kwallin da ya shafu daga yatsa, duk suna maƙalewa a gashi, kuma wani kwallin dalma ce a cikinsa. Na'ura ba ta bambance abin da ya fito daga jini da wanda ya sauka daga waje. A wanke da asiton (wani sinadari mai narkar da maiƙo), a ɗauraye da tataccen ruwan ɗakin gwaji, a sake asiton, a shanya a rufe. Kafin yanka ma a tambaya: Hajiya, yaushe rabonki da rini?

Abin da ya fi damuna shi ne a ɗauki sakamakon gashi a ce an gano cuta. In dalma ake zargi a jikin yaro, jini ake aunawa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga maikirogiram 5 na dalma a kowace desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita) ta jini a nemo tushen gubar. Gashi ya fi amfani ga zaibar da ake samu ta cin kifi. Mai ƙona zaiba wajen tace zinariya kuwa, fitsarinsa ake dubawa. Kada uba ya riƙe takardar gashi ya nufi kyamis neman maganin fitar da guba. Ya kai yaron asibiti a ɗebi jini.