Yadda ake karanta zanen daji

Wanda ya tsaya gaban zanen daji, ko a baje kolin ɗaliban sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ko a bangon gidan wani, ya kamata ya fara ja da baya kaɗan, domin daga nesa ake ganin yadda mai zanen ya raba fili tsakanin sama da ƙasa. Idan sama ce ta cinye mafi yawan wurin, to maganarsa tana cikin gajimare da haske. Idan ƙasa ce, sai a koma kan duwatsu da itatuwa.

Daga nan sai ka nemi lokacin shekarar da zanen yake nunawa, kuma a ganina nan ne aka fi yin kuskure. Mutane da yawa da zarar sun ga itace babu ganye sai su ce zanen na baƙin ciki ne, alhali kowane itace da nasa hali. Kuka tana zubar da ganyenta da rani, gawo kuwa da damina yake tsayawa tsirara, sai rani ya yi kore shar, dabbobi su taru a inuwarsa. Saboda haka gawo marar ganye a tsakiyar ciyawa mai tsawo labarin marka yake bayarwa. Haka baƙar ƙasa bayan ƙunar daji: duba da kyau ko an ɗiga koren toho a gindin ciyawar da ta ƙone, domin wannan ɗan ɗigon yana iya juya ma'anar zanen gaba ɗaya.

Haske ma sai an karanta shi da idon ɗan ƙasa. Hazon hunturu yana dusashe Dutsen Kufena da ke Zariya har ya koma ruwan toka, kuma mai zanen da ya zaɓi wannan launi yakan nemi natsuwa ko kaɗaici. Baƙin hadarin da ya taso daga gabas kuwa, baƙo zai ga barazana a cikinsa, amma wanda ya sha zafin bazara zai ga sauƙi ya kusa. Irin wannan kallo ne ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka yi wa fafutuka, wato a haɗa dabarun da aka koya daga Turai da abin da mutum ya gada a gida.

Sai a ƙarshe za ka matso kusa ka ga sawun buroshi: fenti mai kauri da aka shafa da gaggawa yana nuna iska da tashin hankali, siririn da aka lallaɓa kuma yana kwantar da rai. Idan akwai mutum, ko makiyayi ne da sandarsa a kafaɗa, auna girmansa da na dajin da ya kewaye shi. Kada ka karanta sunan zanen sai ka gama duk wannan, sannan ka gwada shi da abin da idonka ya riga ya gaya maka.